Giwa a Gindin Darbejiya

A Shema, cikin ƙasar Dutsin-Ma, akwai wani gida mai babbar darbejiya a ƙofarsa, a gindin darbejiyar nan kuwa wata mota ta yi shekara talatin da 'yan kai tana tsaye ba ta motsa ba. Yaran unguwa sun tashi sun tarar da ita kamar yadda suka tarar da rijiya da masallaci, har ba su lissafa ta cikin motoci. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashin kujerunta, awaki sun sha inuwarta, tayoyinta huɗu sun sace sun nutse cikin ƙasa har bakin wili. Sunan da aka rubuta a goshinta da baƙaƙen boko, watau Range Rover, rana ta cinye rabinsa. Mutanen gari kuwa ba su wahalar da harshensu, Giwa suke ce da ita.

Mai ita wani dattijo ne, tsohon direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyari. Ba saye ya yi ba, ba kuma gadonta ya ci ba. A shekarun nan da kuɗin man fetur suka malalo cikin Nijeriya, bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975, ba ma'aikata kaɗai suka sha romo ba, har da 'yan kwangila. Da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai aka shiga neman masu gina azuzuwa a ƙauyukan da ko burji bai kai ba. Wani Alhaji ɗan kwangila daga Katsina ya sami rabonsa a nan, ya ga kuwa Fijo ba za ta iya yashi da gulbi ba, shi kuma girmansa ya wuce a gan shi cikin Land Rover yana tsalle kamar buhun gyaɗa. Shi ne ya sayi wannan mota, ya ɗauki saurayi daga Shema ya damƙa masa makulli.

Ya kamata mai karatu ya san irin abin da aka damƙa wa saurayin nan. Land Rover dai tsohuwar sananniya ce a ƙasar Hausa tun zamanin En'e; cikinta Di'o da malaman gona da malaman dabbobi suke yin rangadi. Jaki ce, mai haƙuri da ɗaukar kaya, amma wanda ya wuni a cikinta sai an gasa masa baya. Kamfanin Rover da ke Solihull a Ingila ya so ya yi doki daga jakin nan, injiniyoyinsa Spen King da Gordon Bashford suka zana ta, aka fito da ita a 1970. Maimakon sifirin na falle-fallen ƙarfe irin na lori, aka sa mata mai murɗe wanda ke lanƙwasawa da taushi. Tayoyinta huɗu duka suna ja a kowane lokaci, birkinta na faifai ne gaba da baya. Injinta mai fistin takwas ne, mai lita uku da rabi, asalinsa na kamfanin Buick ne na Amurka, an kuma zuba shi da alminiyon, abin da Hausawa ke kira goran ruwa. Galibin fatar jikinta ma da shi aka yi. A 1979, da aka yi tseren farko daga Paris zuwa Dakar, wanda ya ratso Sahara ta Agadas da Yamai, irinta ce ta zo ta ɗaya a cikin motoci, ta sake ci a 1981.

Amma tana da wani aibi wanda Bature bai hango ba. Ƙofa biyu gare ta, sai a 1981 kamfanin ya fara yin mai huɗu. Babban mutum a ƙasar nan kuwa baya yake zama, a kusurwar mai mota. Alhaji ya gwada sau ɗaya, aka kwantar da kujerar gaba ya duƙa ya kutsa da babbar rigarsa, rawani ya tuɓe. Bai sake ba. Tun daga ran nan a gaba yake zama kafaɗa da kafaɗa da direbansa, a kan hanyoyin Safana da Batsari da Ɗanmusa da Kurfi, suna cin goro ɗaya suna hira. Ƙarancin ƙofa ya haɗa ubangida da bara a kujera ɗaya har shekara goma, abin da wa'azi bai cika yi ba.

Daga nan sai duniya ta juya. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi, kwangila ta ƙafe, kayan gyara na waje suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Alhaji ya sa rai da sabuwar Jihar Katsina da aka ƙirƙiro a 1987, abin bai zo masa ba. Ana cikin haka, wata rana da bazara, tiyon ruwa ya fashe a kan hanya, inji ya yi zafi har gaskit ɗin kansa ya ƙone. Direba yana bin Alhaji albashin watanni. Alhaji ya dube shi ya ce ba shi da abin ba shi, in yana so ya ɗauki motar. Da tarakta aka jawo ta Shema. Direba ya yi niyyar gyara ta bayan kaka, kaka ta zo ta wuce, ga aurar da 'ya'ya ga cefane, shi kuwa ya koma jan motar haya har idonsa ya fara yana ya ajiye.

Ba ita kaɗai ta tsaya a wancan lokaci ba. Ƙasar da ta kafa masana'antun haɗa motoci a Kaduna da Kano da Bauci da Ibadan da Legas da Inugu ta wayi gari yawancinsu sun yi tsit. Duk wanda ya leƙa bayan wata ma'aikatar gwamnati zai ga gawarwakin motoci a jere, da yawansu ba wani babban ciwo ya kashe su ba, rashin kulawa ne da son sabo. An koyi sayen abin Bature tun kafin a koyi riƙonsa.

Babban ɗan dattijon malamin firamare ne, a irin azuzuwan nan da Alhaji ya gina yake koyarwa. Mahaifinsa ba ya kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce Malam, kamar yadda kowa ke cewa. Malam bai taɓa riƙe sifana ba, bai kuma taɓa damuwa da Giwa ba, sai a 2020 da annobar korona ta sa aka rufe makarantu ya sami kansa a zaune a ƙofar gida daga hantsi har la'asar. A cikin kwanakin nan ne 'yan gwangwan suka zo. Suka zagaya motar, suka ƙwanƙwasa jikinta, suka kankare fenti da wuƙa suka ga farin ƙarfe, idonsu ya yi haske. Ba mota suka gani ba, tukwane suka gani, gama goran ruwa shi masu narka tukunya ke nema ido rufe. Suka yi tayi bisa nauyi. Ƙannen Malam suka ce abin nema ya samu, a sayar a sai musu babur su yi acaɓa. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce, ga matasa zaune ba aikin yi, ga dukiya tana ruɓewa a gindin itace.

Dattijo yana kan tabarma yana saurare. Da suka gama ya ce, "Ku jira in mutu. Ba zai daɗe ba." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Da dare Malam ya same shi ya ce, "Baba, in an taɓa ta za ta tashi?"

Ya ce, "Ciwo ɗaya gare ta, na kuwa san shi. Idanu ne babu."

Malam ya ce, "Ga nawa."

Haka aka raba aikin, uba da kunne da tunani, ɗa da ido da hannu. Abin da suka fara tararwa ya ba Malam mamaki. A Ingila tsatsa ke cinye irin waɗannan motoci, saboda laima da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. A nan kuwa busasshiyar iskar Katsina ta bar casis ɗinta lafiya lau, ka buga shi da guduma ya amsa kamar ƙararrawa. Maƙiyanta a ƙasar Hausa daban ne: rana da ƙura da ɓera. Duk abin da yake na roba ya mutu. Tiyo ya zama kamar ƙuli-ƙuli, wayoyin wuta ɓeraye sun yi sheƙa da su, tankin mai ya cika da wani baƙin danƙo mai wari. Fistin takwas ɗin nan kuwa sun manne a ramukansu. Malam ya so ya sa ƙarfi, dattijo ya hana. Aka kwance filogi, aka zuba man gas da baƙin mai ta ramukan, aka bar su suna jiƙa. Kullum da asuba bayan an dawo masallaci Malam zai ɗora babbar sifana a gaban inji ya ɗan taɓa, dama kaɗan, hagu kaɗan. Sai da aka yi mako biyar kafin ran nan inji ya yi wani nishi ya juya.

Kuskurensa na farko mai tsada ne. Da ya zo mayar da filogi ya ɗaure shi da sifana tun daga fari, ya ji ya yi tauri ya ƙara ƙarfi, sai ya ji ya saki. Zaren ramin ya cinye. Dattijo daga inda yake zaune ya ji ƙarar, ya ce, "Ka kashe shi ko?" Sa'an nan ya koya masa abin da ya kamata ya faɗa tun da wuri, cewa goran ruwa ba baƙin ƙarfe ba ne, taushi gare shi, da yatsa ake fara shigar da filogi har ya zauna, sifana ta biyo baya ta yi sallama kawai. Dole aka cire kan injin aka kai shi Kano, wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, suka sa wa ramin sabon zare suka kuma share fuskarsa wadda tsohon zafin nan ya karkatar. A tafiyar nan Malam ya san kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake tona tsibin tsofaffin ƙarafa kamar masu haƙar kuza, daga baya kuma ya san Panteka a Kaduna. Abin da bai samu ba a nan sai ya aika Ladipo a Legas, ya jira wata guda, wani lokaci a kawo masa na wata mota daban.

Ya sami littafin gyaran motar ta intanet ya ajiye a wayarsa, yana karantawa yana fassara wa tsoho. Sau da yawa kafin ya kai ƙarshen shafi tsoho ya riga ya faɗi abin da ke ciki. Wata rana wani makaniki da aka ɗauko daga Dutsin-Ma ya ɗauki man giya mai kauri zai ɗura a akwatin giya, dattijo ya ji warinsa ya daka masa tsawa, ya ce wannan giya baƙin mai irin na inji take sha, don tana da ɗan famfonta a ciki wanda mai kauri ke karyawa. Makaniki ya yi dariya. Malam ya buɗe littafi, ga shi nan kuwa a rubuce. Haka kuma ranar da aka zo jera wayoyin filogi, aka rasa wacce ke bin wacce, tsoho ya lumshe idanun da ba su gani ya karanto, ɗaya, takwas, huɗu, uku, shida, biyar, bakwai, biyu, kamar mai biya hadda. Bai taɓa shiga aji ba.

A nan akwai abin da ɗalibin harshe zai tsaya ya duba. Hirar uban da ɗan a gindin motar nan taska ce ta kalmomin aro. Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali, ba ya kuma son rufe kalma da baƙi in da hali, shi ya sa aka sami sifana da filogi da birki da kuloci, aka kuma sarrafa wasu har mai su ba zai gane su ba, kamar lagireto da kafireto da salansa. Amma sunayen sassa kaɗai aka aro. In aka zo bayanin halin mota, sai tsoho ya koma barga. Mota tana tari, tana haki, tana da gardama, ta ƙi cin linzami, ta ji ƙishirwa. Ashe direbobin farko ba su bar doki ba, sirdi kawai suka sauya. Wannan fage ne da masu nazari ba su yi wa adalci ba tukuna, ga shi kuwa masu ilminsa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Aikin bai tafi a miƙe ba. Albashin malamin firamare ba a gina shi don ciyar da giwa ba, har matar Malam ta ce an yi mata kishiya wadda ba ta daka ba ta shara sai shan mai. A 2021 kuma, saboda ta'adin 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Motar da ba ta tafiya ba ta iya zuwa gidan mai, jarka kuma ta haramta, wanda aka aika Legas ba a jin ɗuriyarsa. Malam ya yi watanni yana wanke ƙusoshi da kananzir yana jera su a faranti, don kada hannu ya manta.

Ranar da ta tashi ba a yi wani biki ba. Ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi da sheƙar ɓera ta salansa, kaji suka watse, sa'an nan ta kama wata ƙara mai kauri wadda manyan unguwa suka tuna, yara kuwa ba su taɓa ji ba. Tsoho bai yi murmushi ba. Ya ce a kawo masa guntun tiyo. Kafireto biyu gare ta, kowanne yana ciyar da fistin huɗu, in ba su ja iska daidai da juna ba mota sai ta riƙa rawa tana ɓarnar mai. Aka kama hannunsa aka kai shi gaban inji, ya sa bakin tiyo ɗaya a kunne, ɗayan a maƙogwaron kafireto, ya saurari na dama, ya saurari na hagu, yana cewa Malam ya juya kaɗan, ya mayar kaɗan, har shaƙar biyun ta zama murya ɗaya. Sai a lokacin ya zauna a kan bamba ya goge fuska da hannun riga. Ya kuma kafa doka: ba a zuba mata ruwan rijiya, don gishirinsa ke toshe lagireto ya ci goran ruwa ta ciki. Ruwan sama za a tara a tulu, a gauraya da koren ruwan nan na kanti.

Saura fenti. Tsoho ya daɗe yana kwatanta launinta na asali, ruwan zuma mai ɗan duhu, da yadda take walƙiya in ta shigo gari da la'asar har mata su leƙo ta katanga. Malam ya riga ya yi magana da mai fenti a Katsina. Amma a daren da zai ba da kafin alƙalami bai yi barci ba. Ya san abin da kowa ya sani a yankin nan, cewa masu satar mutane suna da idanu a cikin gari, kuma abin da suke dubawa ke nan, gidan da aka sa sabon kwano, da wanda ya sayi shanu, da mai babbar mota. Range Rover mai ƙyalli a ƙofar malamin firamare takardar gayyata ce. Wa zai tsaya ya yi wa mai bindiga bayanin cewa bashin albashi ce, kuma duk gidan ba a iya tara kuɗin fansar akuya?

Da safe ya ce, "Baba, ba za a yi fentin nan ba."

Tsoho ya yi shiru har Malam ya zaci bai ji ba. Can ya ce, "Mi ya rage na ƙofar baya?"

"Sai mariƙi."

"To, bar shi da igiyarsa."

Shi ke nan, ba su sake tayar da maganar ba. Mota ce da aka yi don a gani a san mai ita ya isa, ga shi an wayi gari lafiyar mai ita tana cikin kada a gane ta. Cikinta sabo, birki sabo, wuta sabuwa, amma fatarta na nan yadda rana ta bar ta, da tabon wuƙar 'yan gwangwan a ƙofar direba. Hanyoyin da aka saye ta dominsu, na Safana da Batsari da bakin dajin Rugu, ba mai hankalin da zai bi su don yawon shan iska. Sa'an nan ga mai. Da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, a 2024 ta taɓa 1,000. Giwa kuwa lita ɗaya ba ta kai ta fiye da kilomita biyar ko shida, tankinta yana cin lita 80 da ɗoriya. Malam bai taɓa cika shi ba.

Ƙannen ba su daina gunaguni ba, ko da yake da damina, ranar da hanya ta yanke aka rasa motar da za ta kai matar ɗayansu asibiti, ba su tuna da tukwane ba. Sau ɗaya aka je Kurfi da ita gaisuwar mutuwa, da rana tsaka, aka dawo kafin la'asar. Ban da wannan, tafiyarta ta Juma'a ce. Malam yakan tashe ta da hantsi, ya bar ta ta yi ɗumi, ya duba ruwa da baƙin mai, ya ɗiga ɗan mai a kan kowane kafireto, ya janye farantin yashin da ke tarar abin da take zubarwa, gama duk ƙoƙarinsa bai hana ta ɗiga ba, wanda ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa. Sa'an nan ya kamo hannun tsoho ya zaunar da shi a kujerar gaba, inda Alhaji yake zama, su nufi masallacin Juma'a a Dutsin-Ma. Tsoho ba ya ganin hanya, amma ƙafarsa ta hagu tana taka kulocin da babu shi a duk inda ya kamata a sauya giya, in Malam ya makara kuwa sai ya ji an yi tsaki.

A Juma'ar da ta biyo bayan ƙaramar salla, suna dawowa, tsoho ya karkata kai wajen inji ya ɗan jima. Ya ce, "Malam, na hagun nan ya fara shan mai. Robarsa ta tsage. In mun isa kada ka kashe ta, ka ɗauko mini tiyon."